Abokin Dara na Cikin Gilashi

Tawa, watan Oktoba 1995

Zuwa ga Abdurazak, a Abijan.

Ni ne ubanka Mumuni ke magana, Malam Sidi maƙwabcinmu ke rubutawa. Na ce mishi abin da ya fito bakina shi zai sa, kada ya yi mishi ado. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da aikin naka. Mu nan sai godiya. Ƙafar ta warke, ina takawa da sanda. Jinin ma da matarka Safi ke aunawa da wannan robar da take ɗaura min a dantse, ta ce ya ɗan sauka. Gishiri dai an hana ni, miyar gidanga kamar an wanke tukunya an kawo, amma ba wannan ya sa na kira Sidi ba.

Ka ce in zo Tawa a ɗora min ƙafa a likita, wato asibiti, in an gama a maida ni Takanamat. An gama tun kafin ruwan fari. Damina ta zo ta wuce, an yanke gero ban ga ko zangarniya guda ba. Na tambayi matarka, ta durƙusa ta ce sai abin da ka ce. Kai kuma kana can bakin teku. To ni wa zan tambaya?

Ba na cewa ba ta kula da ni. Yarinya ce mai ladabi, ko da yake mutanen Damagaram ba su iya dama fura ba. Amma tun da safe take tafiya likita wajen aikinta, ni ga ni, ga bango, ga kwanon rufi yana dafa ni. Maƙwabta duk ma'aikata ne. In sunka taru, ba su da zance sai albashin da ba a biya ba da jam'iyyar wane ta yi kaza, rabi da Faransanci. Na ce da wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, ko ya iya dara, ya yi dariya ya ce kakansa ya iya. Kakansa! Sidi, rubuta haka.

A wanga lokaci a gida, abokin darata Sule ya share rairayi ƙarƙashin aduwa, ya tona gurabu, ya jera kashin raƙuminsa, yana gaya ma mutane wai tsoronsa ya kore ni birni. Ni da shi mun tsufa a kan wannan rairayin, kuma duk Takanamat an san wa ke tashi da ƙura a gwiwa. Yanzu an bar mishi fili yana ta ƙarya.

Lakwal ɗin da ta kai ka inda kake, ban so ba, dole anka yi min. Na haƙura. Aikin naka ma da anka ce na zama gaban talabijin mai rubutu ne, ban gane ba, na haƙura. Wannan kam ba zan haƙura ba. Ka aiko da magana a maida ni.

Ubanka.

*

Abijan, watan Nuwamba 1995

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka fatan ƙarin sauƙi. Na ji daɗin labarin ƙafar. Ni lafiya lau, sai yawan aiki.

Na so in zo, ban samu dama ba. An fito da sabon tsarin tafiyar da ordinatar, wato kwamfuta. A da fuskar baƙa ce, sai mutum ya rubuta mata umarni. Yanzu hotuna ne kawai kake nunawa, ta buɗe. Kowane biro, wato ofis, a garin nan so yake a canza masa, ko da injinsa tsoho ne ba zai ɗauka ba. Ni a ganina rabinsu kwalliyar suka gani, amma shi ke ciyar da mu, sai mu yi.

Wani abu kuma, Baba. Samarin nan layi suke yi a shaguna don wani wasa da mutum ke gudu cikin gini yana harbi. Duk wasannin daga ƙasashen Turawa da Japan suke zuwa, ba namu ko ɗaya. Da na karanta wasiƙarka sai na ce, me ya hana dara? Na tuna yadda nake tsugunawa bayanka ƙarƙashin aduwa. Na zauna na koya wa ordinatar: gurabu talatin, kowa da sha biyu, a gama dasawa sannan a fara tafiya, wanda ya jera uku ya ɗauke na abokinsa guda. Wallahi ya fi wasan harbin wuyar rubutawa.

Na samu tsohuwar ordinatar da aka ajiye a wurin aikinmu, na sa wasan a ciki, na ba direban kar, babbar motar fasinja da ke zuwa Tawa. Safi za ta nuna maka. Ba sai ka iya karatu ba.

Maganar Takanamat, ka ƙara haƙuri kaɗan. Can ba mai auna maka jini. Mu ga abin da likita zai ce.

Ɗanka, Abdurazak.

*

Tawa, watan Disamba 1995

Abdurazak,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau, sai sanyi.

Kayanka sun iso. Na tambayi hanyar gida, ka aiko min da akwati. To, na gode.

Matarka ta ɗora shi bisa tebur a zaure. Da yake ba ta iya zama kusa da ni, sai ta tsaya can bakin ƙofa da kara a hannu tana nuna min maɓallan daga nesa, kamar mai korar kaji. Huɗu ne na tafiya, dogo guda na ajiyewa. Ta ce, "Baba, a hankali, ba a dukansa." Na ce hannun da ya riƙe hauya ba zai koyi lallashi yanzu ba.

Gaskiya, gurabun ka jera su daidai. Naka karan da duwatsun ma ba laifi. Amma abokin wasan da ka aiko min rago ne. Ranar farko na ci shi. Kashegari na kafa mishi doki, in buɗe in ci, in rufe in ci, har na share shi tas. Na kira Sidi ya gani, na kira malamin lakwal mai kaka ya gani. Abin da ya rasa kuma shi ne baki. Dara ba zagi ai ba dara ba ce. Ka ci mutum, ya yi shiru yana kallonka da hasken fuska, ko tsaki babu. Sannan in wuta ta ɗauke, sai ya mutu da wasan a cikinsa, in ta dawo ya yi kamar bai san ni ba.

Yanzu ga maganar da ta fi. Matarka ta fara kulle ƙofar gida in za ta fita. Ni, da gemuna, ana kulle ni kamar akuya mai shiga gona. Dalili wai na fita ran nan na daɗe. Na tafi tasha ne in tambayi motar Takanamat, ba wani abu ba. Da zan dawo, titunan Tawa duk uwarsu ɗaya, bango ja, ƙofar ƙarfe, bango ja, ƙofar ƙarfe. Ko kai ne sai ka yi shawagi. Wani mai kura ya rako ni, shi ke nan anka mai da abin labari. Yanzu Sidi ma sai ta bar mishi mabuɗi kafin ya shigo ya yi min rubutu, kuma ya ƙi ba ni, wai amana ce.

Azumi ya matso. Ban taɓa yin azumi a wajen Takanamat ba. Ka yi magana.

Ubanka.

*

Abijan, farkon Janairu 1996

Baba,

Barka da sanyi, Allah ya ƙara lafiya. Na yi dariya har abokan aikina suka tambaye ni, da na karanta yadda ka kafa wa ordinatar doki. Na gaya musu ubana bai taɓa shiga aji ba amma ya gagari inji. Na ji daɗi ƙwarai da ka samu abin da zai ɗebe maka kewa.

Na nuna wa wani mai shagon wasanni, ya ce in na ƙara masa launi da kiɗa zai gwada sa wa samari. Ni kiɗan ne ban yarda da shi ba. Wasannin yanzu duk ƙara ce da walƙiya, tunani kaɗan.

Tunda ga abokin wasa a gida, kuma kana cin sa, ka zauna ka yi azumi a Tawa inda Safi za ta lura da maganinka. Bayan salla sai mu sake magana. Ka ci gaba da ba shi kashi.

Ɗanka, Abdurazak.

*

Tawa, cikin azumi

Abdurazak,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Takardarka ta daɗe a hanya. Mutanen gidan waya sun yi yajin aiki, sannan sojoji sunka karɓi mulki a Yamai, kowa ya shiga taitayinsa. Da ta iso, matarka ta karanta min. Na sa Sidi ya sake karantawa, ko ta tsallake inda ka yi maganar ƙofa. Ba ta tsallake ba. Kai ne ka tsallake.

"Ka ci gaba da ba shi kashi." Haka ka ce. To saurara.

Kafin takardar ta zo, cin ya fara yi min yawa. Ko Sule da ciwon ido yakan ci ni wata rana. Sai na gwada abinka. Na buɗe mishi gurbi da gangan, biyunsa a jere, na uku na gefe, taki guda ya ci. Yaron da bai yi kaciya ba zai gani. Ya kau da kai, ya je can ƙurya ya motsa wani dutse. Na ce ko kuskure ne. Na sake, ya sake. Na yini ina miƙa mishi wuyana yana ƙi.

Kai ka bar gida da ƙuruciya, bari in gaya maka abin da ake yi ƙarƙashin aduwa. In tsoho ya fara rikicewa, hankalinsa ya fara tafiya, ba mai ce mishi ya daina zuwa. Ana share mishi wuri. Duk wanda ya zauna da shi sai ya bar mishi ci, a yi ta shewa ana cewa wane har yanzu ba a iya mishi. Ba a shawara, ba a faɗa, kowa dai ya gane. Haka munka yi ma Yunusu, yayan uwarka, har ya koma ga Allah yana cewa shi ne sarkin dara. Ni da hannuna na sha buɗe mishi gurbi. Ranar da anka fara bar ma mutum ci, a ranar anka cire shi daga cikin maza. Ba a sake kawo mishi shawarar aure ko ta gona.

Akwati ba ya da tausayi, ƙarfe ne. In ya bar min ci, wani ya ce mishi ya bari. Kai ka koya mishi dara, kai ka koya mishi wannan.

Wato ni ne Yunusu yanzu. Shi ya sa ake kulle ƙofa, shi ya sa kullum sai bayan kaza, sai bayan kaza. Kun yanke min hukunci kai da matarka, kunka aiko ƙarfe ya riƙa yi min shewa.

Na sa an rufe shi da buhu. Ka gaya min gaskiya ko ka daina rubuto min.

Mumuni.

*

Abijan, watan Maris 1996

Baba,

Barka da salla. Ina durƙushe ina neman gafararka.

Gaskiya ce, ni na sa. Wasan yana da ƙarfi hawa uku, na ɗaure shi a na ƙasa. Haka ake yi wa duk wasannin nan, a fara wa mutum da sauƙi don kada ya yi fushi ya bari. Na kuma ji tsoron in yana cin ka jininka zai hau. Wallahi ban san abin da ake yi ƙarƙashin aduwa ba. Ina ganin Kawu Yunusu yana ci, na ɗauka cin gaske ne. Da na sani da ban yi ba. Safi ba ta da hannu a ciki.

Ka ce in faɗi gaskiya, ga sauranta. Ranar da ka je tasha, ba ɓatan hanya kawai ba ne. Mutanen tasha sun ce motar Abdu Dogo kake tambaya, shi kuwa ya rasu tun ina lakwal. Da mai kura ya kawo ka, ka kira Safi da sunan Inna, ka tambaye ta ko ta ba jaki ruwa. Ba kullum ba ne, ta ce yawancin kwanaki garau kake. Ni ban sani ba, Baba, ina nesa. Tsoro nake ji.

Ga abu biyu. Na ɗaya, disket, ɗan faifan da wasan ke kai, na cikin ambulan ɗin nan, Safi za ta sa. Ƙarfinsa duka ne, ban rage komai ba. Injin tsoho ne, zai riƙa daɗewa yana tunani, ka yi masa haƙuri. Na biyu, na aika wa Baba Sule ya zo Tawa ran kasuwa ya wuni da kai. Ya fi ni sanin ka, ya fi likita. In ya ce a maida kai, da Layya zan zo da kaina in kai ka.

Ɗanka mai neman afuwa, Abdurazak.

*

Tawa, watan Afrilu 1996

Abdurazak,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, zafi ya shigo, kwano na aikinsa. Na yafe maka. Maganar tasha ban tuna ta haka ba, amma ba zan ce mutane sun yi ƙarya ba.

An sa abin da ka aiko. Wannan kam namiji ne. Yakan yi shiru har in gama shan fura, sannan ya ajiye dutse a inda ban so. Tun da anka sa shi ban ci shi ba ko sau guda. Ran nan ya kafa min doki, ni Mumuni, na zage shi har matarka ta leƙo.

Sule ya zo ran Lahadi. Ya rame, haƙoran gaba sun tafi, bakin dai na nan. Tun daga ƙofa ya ce, "Ina ragon da ya gudu birni?" Na ce, "Ga shi, shigo ka karɓi rabonka." Ya zo min da cuku da ƙullin kashin raƙuminsa a aljihu. Gidanga duk siminti ne, sai da matarka ta sa anka ɗebo rairayi a kwano anka zuba a tsakar gida. Sule ya tona gurabu da yatsa. Da na ji rairayi a tafin hannuna, sai da na kau da fuska.

Munka dasa. Ni kara, shi kashin raƙumi, kamar kullum. Yana zagi ina ramawa. Ya ce birni ya sa na yi wuya kamar ɗan kasuwa, na ce shi kuma yunwa ta mai da shi tsinke. Sidi na gefe yana dariya.

Can tsakiyar wasa na miƙa hannu na motsa. Sule ya kalli hannuna. Na duba, ashe kashin raƙuminsa ne a hannuna, ba karana ba. A da, da na yi haka, sai Takanamat duka ta ji, sai ya yi shekara yana ba da labari. Sai ya ce, "Rairayin birni ne, ba ya riƙe abu," ya karɓa ya maida gurbinsa a hankali.

Daga nan na zuba mishi ido. Biyunsa a jere, na uku na gefe. Ya duba, ya sosa gemu, ya je ƙurya ya motsa wani. Na ci. Munka sake, na ci. Ya tashi yana kakkaɓe gwiwa yana cewa, "Kai, tsohon nan har yanzu ba a iya mishi. Malam Sidi, ka shaida." Ni ma na yi abin da ake yi. Na yi dariya, na ce ya je ya ƙara koyo.

Da zai tafi na ji shi a zaure yana ce ma matarka, "Ɗiyata, ƙalau yake. Ku maido muna shi, wurinsa na nan ƙarƙashin aduwa, kowa na jiransa." Na san zai aiko maka da haka, kai kuma ka yi alkawari.

To kada ka zo don wannan. In za ka zo Layya ka zo mu gaisa, amma ba za ka kai ni ko'ina ba. Na san irin jiran da suke yi min. Za su share min wuri, su yi layi, kowa ya zauna ya bar min ci, yara na shewa. Mutanen kirki ne, don ƙauna za su yi. Ni kuwa zan riƙa ganin kowane gurbi da sunka buɗe. Yunusu bai gani ba, shi ya ji daɗi. Ni ina gani.

Gona ka bar ma ɗan Sule ya noma bana. Jakin a ba shi shi ma.

Sidi ya tsaya da rubutu wai wani abu ya faɗa mishi a ido. Rubuta, malam, ba mu gama ba.

Abu guda nake so. An ce akwai batir da ake haɗa ma irin akwatin nan don kada ya mutu in wuta ta ɗauke. Ka nemo ka aiko. Jiya ya matse ni a ƙurya, saura kaɗan ya gama da ni, wuta ta tafi. Na zauna gaban baƙin gilashi har la'asar. Ina son in riƙa ganin ƙarshen wasan.

Ubanka, Mumuni.